Hannun Babana a Ɗaurin Aurena

Ina zaune a kan ramin dukhan, turaren hayaƙin da ake yi wa amare, na lulluɓa da bargo hayaƙi yana ratsa ni, sai ga gwaggon angona ta shigo gidanmu a Dar Salam. Ita ce ma ta kawo itacen, don fatata ta yi ja kafin biki.

Ta rage murya ta ce, "'Yata, manyan baƙi za su zo daga Khartum. Ki roƙi babanki ya bar wa ƙanensa waliccin. Kin dai san hannunsa."

Na sani mana. Baba majemi ne, ruwan bagaruwa ya rine masa hannu har gwiwa, ba sabulun da zai fitar. Kuma a ɗaurin aurenmu, waliyyi da wakilin ango hannu suke haɗawa a gaban kowa.

Na ce, "Hajiya, ga ni ina shan hayaƙi don launina ya canza, kuna cewa na yi kyau. Shi nasa launin wajen ciyar da mu ya same shi. In ba da wannan hannun za a ba da ni ba, a bar auren."

Ta gyara mayafi ta fita.

Ranar Juma'a, wajen ɗaurin auren, Baba ya naɗe hannun jallabiyarsa, ya miƙa wa wakilin ango hannu. Takalmin ƙafar ango ma, fatar da Baba ya jeme ce.

Ku fa, hannun wa ya rine don naku ya yi laushi?