Iccen da Mani Ya Zo da Shi Daga Dakar

Mani ya komo Geceme bayan yaƙin Turawa na biyu da ƙafa ɗaya mai ɗingishi da wasu busassun kwasfa cikin aljihun kakinsa. A Dakar ya tsinke su, bakin asibitin soja, inda ya yi watanni kwance yana kallon wani ɗan icce ta taga. Furensa ja ne da bakin rawaya, iskar teku tana kaɗa shi. Bai taɓa tambayar sunansa ba.

Matarsa Hure ta ga 'ya'yan, masu faɗi da tauri kamar tsakuwa.

"Maigida, wanga wake ana cin shi?"

"Kallo nai ake," in ji shi.

Damanar farko ya shuka wasu, ba abin da ya tsiro. Sai ya tuna yadda kakarsa take yi wa irin bagaruwa. Ya kankare bakin kowace ƙwaya da dutse, ya jiƙa su a ruwan ɗumi, ya binne kusa da randa inda ruwan alwala ke zuba. Biyu suka fito. Akuya ta cinye ɗaya, ya kewaye ɗayan da ƙaya.

Masu wucewa suka riƙa leƙowa ta kan darni. Wani ya ce tsamiya ce. Wani Bafulatani ya murza ganyen, ya shinshina, ya ce dangin bagaruwa ne, amma bai san shi a dajin Arewa ba. Mani kan nuna musu ganyayen, ƙanana jere biyu-biyu, da 'yar ƙayar da ke jikin reshe, da yadda suke rufewa in rana ta yi sanyi.

Da iccen ya kai kafaɗar mutum sai ya yi fure, jajaye masu dogon gashi kamar gashin bakin kyanwa. Wata 'yar bori, Kubra, ta tsaya gaban iccen tsawon lokaci, ta ce doguwa za ta so wurin nan. Mani bai musa ba. Da la'asar yakan zauna gindinsa, idanu rabi a rufe, ya ce wa Hure yana jin ƙanshin gishiri da kukan jirgin ruwa. Ita ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tabki ba, amma takan ajiye taɓarya ta saurara.

Da bazara kwasfan suka bushe. Wata rana da tsakar rana ɗaya ta fashe, tas, kamar harbin bindiga! Mani ya faɗi rub da ciki, hannu bisa kai. Hure ta zo ta zauna kusa da shi cikin rairayi har numfashinsa ya daidaita.

"In sare iccen?" ta tambaya.

Ya ce, "Bar shi. Iri yake watsawa."

Daga wannan shekara Hure kan tsinke kwasfan kafin su bushe sarai, ta ba matan da suka roƙa. Mani ya rayu har ya ga jan furen a wani gida cikin Matankari, ranar kasuwa, ya tsaya a ƙofar mutanen har suka kawo masa ruwa.