Wurin da gurmi yake yin shiru

Shekarun baya abokina ya sace min kiɗa. Ba aro ba, sata, gara in kira ta da sunanta.

Lokacin ina sabon magidanci. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, abin da na iya noma ne da gurmi, sai baki kamar reza. Matata ta yi yaji sau biyu, duk a kan magana ɗaya: wai ba na barin mutum ya kai aya. Ko wannan ƙorafin ma ban bari ta ƙarasa shi ba.

A yaji na biyu, bayan mun cire gyaɗa, na zauna na haɗa mata kiɗa. Babu waƙa a ciki. Gurmina ne, sarewar ƙanena, sai abokin nan a kan ƙwarya. Kiɗan zaure ne, ba na dandali ba. A tsakiyarsa na sa gurmi ya yi tsit, sarewa ta yi zancenta ita kaɗai har ta gama, sannan in shigo. Wata guda na yi ina koyon jiran nan, yatsuna suna ƙaiƙayi. Da muka je biko, a zauren kakarta muka buga. Matata tana bayan zana ta ji, ta gane, ta dawo.

Sai siyasa ta zo. Ina dawowa daga kasuwar Ɗambatta na tarar da motar kamfen a ƙauyenmu, lasifika tana ta zuba kiɗana. Abokina ya kai shi situdiyo a Kano, an yi masa fiyano, ana wasa wani ɗan takarar kansila da shi. Kafin in kai ƙofar gida mutum uku sun yi min barka, wai na yi kasuwa da kiɗan matata.

Na shiga gida, na san in ta sake tafiya babu biko. Tana tankaɗe. Na buɗe baki zan fara rantse-rantse, sai na tuna, na rufe.

Ta ce: "Na ji. Wurin da kake yi min shiru, nan suka cusa sunan mutumin. Kai da ka sha wuya kafin ka iya shirun nan, ba kai za ka toshe shi ba. Zauna ga fura."

Ban taɓa shan fura mai daɗin ta ranar ba. Har yau in na tuna satar raina yana ɓaci, amma in na tuna furar sai ya sauka.

Bayan zaɓe, ɗan takarar ya sha ƙasa, muka haɗu da abokina a wajen mai shayi. Ya yi ta kame-kame, wai tallata ni ya yi. Na bar shi har ya kai aya.

Na ce: "Ka gama? Wata guda kana buga ƙwarya a gefena, ashe ba ka ji komai ba. Amon ka ɗauka, je ka da shi, na bar maka. Abin da na yi mata yana wurin da ka toshe."