Kiran Kaka a Wayar Baffa

Jiya a tashar Tudun Wada wani dattijo ya rufe tsohuwar wayarsa mai murfi, ta ce ƙas, sai da gabana ya faɗi. Tsaya ka ji dalili.

A rugarmu ta gefen Burumburum, Baffa, ƙanin mahaifina, shi ya fara shigo da irin wannan waya. Ja ce, da sifika a jikin murfi da madannai uku a waje, ko ba ka buɗe ta ba kana iya sa waƙa ka kuma tsallake zuwa ta gaba. Kaka ya tsane ta. Cewa yake duk abin da ke waƙa ba ya cin tuwo ba abin yarda ba ne. Don tsokana, wata yamma Baffa ya laɓe ya naɗi muryar Kaka yana kiran shanu, dogon kiran nan da ko daga bayan dutse suka ji shi sai sun juyo. Kiran ya zauna a memori, ɗan katin ajiyar wayar, shi ne na goma sha uku bayan waƙoƙi.

Damina ta yi tsakiya, masara ta yi goyo, Kaka ya kwanta ciwon da ya cinye masa murya. A shekarar kuwa shanunmu sun taɓa shiga gonar maƙwabcinmu na ƙetaren rafi, mai unguwa ya kashe rigimar da sharaɗi guda: in aka kuma, mu tashi daga wurin. Kabarin kakarmu mace yana nan, rijiyarmu tana nan. Ina za mu?

Ran nan Baffa ya tafi gona, ya bar wayar rataye a bukka don gudun ruwan sama. Ni kuma, ɗan shekara goma sha ɗaya mai ƙaiƙayin hannu, na zare ta na kora garke. Na samu inuwar ɗorawa na miƙe ƙafa, ina danne-danne ina gyaɗa kai kamar wani alhaji. Wallahi ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Da na ɗago, babu saniya ko ɗaya a gabana. Can na hango su sun gangara rafi, farar saniyar da ke jan garke har ta sa ƙafa a ruwa, masarar mutane na kaɗawa a gabanta. Mai gonar yana can ƙarshen kunya da fartanya a kafaɗa, ya tsaya cak yana kallo.

Na ruga ina kwaikwayon kiran Kaka, muryata ta fito kamar ta ɗan akuya. Ko kunne ba su kaɗa ba. Sai na tuna da wayar. Na duba ɗan gilashin murfin, layin caji ɗaya ya rage yana ƙyaftawa, ni na shanye sauran. Ban iya karatun boko ba, sai dai ƙirga. Na danna, kalangu. Na danna, garaya. Yatsana yana zamewa don gumi, a ta takwas ƙirgan ya rikice mini, na ci gaba da dannawa ina kuka ina salati. Farar ta haura gaɓa. Tsakaninta da masara bai fi taku biyar ba.

Sai muryar Kaka ta tashi. Na ɗaga wayar sama da hannu biyu. Farar ta tsaya, ta waiwayo, ta yi kuka, ta komo cikin ruwa, sauran suka biyo ta. Kafin kiran ya kai ƙarshe wayar ta mutu. Mai gona ya gyara fartanyarsa ya juya.

Da yamma na durƙusa gaban Kaka na faɗi komai, ina jiran sanda. Sai ya ce cikin raɗa, "Ashe za su iya dawowa gida ko babu ni." Bai ga girbin masarar nan ba.

Rugarmu tana nan inda take. Memorin kuwa, wani mai zuba waƙoƙi a kasuwa ya goge shi ya cika da sababbi, Baffa bai ankara ba sai da ya dawo gida. Yau wayar aljihuna tana ɗauke da waƙoƙin da ba zan iya ƙirgawa ba. Shanu huɗu suka rage mana, duk sanda na je gida nakan tsaya bakin rafi in gwada kiran. Har yau ba sa juyowa.