Mazaunin Jiha

A shekarar da ruwan sama ya cika titunan Dubai har motoci suka yi iyo, na fara koyon karatun boko, gemuna da furfura. Ina aiki a wani sito a Ras Al Khor, muna loda faifan sola da batura a kwantena zuwa gida. Kowace kwantena aka rufe, sai in dafa ƙofarta. Ita za ta ga garinmu, ni ina nan.

Wata rana Alhaji, mai kayan, ya shigo yana murmushi. Ya ce majalisar jiharmu ta yi doka: duk wanda ya buɗe masana'antar sola ko ta kwamfuta, za a ba shi fili, a ɗage masa haraji, muddin ya ɗauki mutanen jiha aiki.

"Zan buɗe a gida," ya ce. "Kai ne mai sito. Amma yalla, maza ka iya karatu tukuna. Ba zan damƙa sito ga mai gane kwali da launi ba."

"Alhaji, launin ya taɓa ɓatar maka da kaya?"

"Bai taɓa ba. Je ka koya dai, dattijon ɗalibi."

Duk Lahadi sai in hau jirgin ƙasa zuwa Deira, inda wani Bakatsine ke koya mana haɗa baƙi. Na faɗa wa maiɗakina a waya cewa na kusa dawowa gida. Ta ce za ta sa a gyara rufin ɗakina kafin damina.

Da Alhaji ya samu filin, ya miƙo mini wayarsa, an fassara dokar da Hausa.

"Gwada mu ji."

Na bi da yatsa a hankali. Ma. Zau. Nin. Mazaunin jiha. Ban taɓa karanta kalma mai tsawonta ba tare da an taya ni ba, har na yi dariya. Alhaji bai yi ba.

"Ni ma na ɗauka ɗan jiha suke nufi," ya ce. "Ashe sai wanda ke zaune a can suke ƙirgawa. Ka yi haƙuri, Malam. Ka ci gaba da loda mana daga nan."

Na ce ba komai, na koma bakin kwantena.

Masana'antar tana aiki yanzu, wani ne ke riƙe da siton. Ni kuwa tun daga lokacin na rasa damina biyu, da sunan jikata ta fari, da jana'izar yayana.