Kuloci Biyu a Motar Baba Tanka

Baba Tanka mutum ne da Allah ya ba shi jiki bai yi masa rowa ba. In ya tsaya a ƙofar ɗaki sai an kunna fitila. Sunan ya samo shi ne daga aikinsa, domin tun yana saurayi tankar ruwa yake ja, yana kai wa asibitoci da otal-otal da masu gini. Duk wanda ya san tankar ruwa kuwa ya san ba motar gaggawa ba ce. Ruwa ba ya son a girgiza shi. Ka taka birki da ƙarfi, ya taso daga baya ya ture ka. Saboda haka Baba Tanka ya ƙare ƙuruciyarsa yana rarrafe a kan titi, har masu keke suna wuce shi suna ɗaga masa hannu.

Shi ya sa unguwa ta cika da mamaki ranar da ya dawo gida da wata 'yar mota ɗaure a bayan tankarsa. Irin motocin tsere ce, mai kujera biyu da dogon hanci, ba rufi, kuma ƙasa-ƙasa har mutum yana zaune zai iya shafa kwalta da hannu. A bayan wani otal da yake juye wa ruwa ya gan ta, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji sun mayar da kujerar direba wurin saka ƙwai. Ya daɗe yana satar kallonta kafin ya yi ta maza ya tambayi mai otal ɗin, wanda dama neman mai raba shi da ita yake yi.

Matarsa, wadda kowa ke kira Inna Tela, ta fito bakin ƙofa da almakashi a hannu. Ta dubi motar, ta dubi mijinta tun daga sama har ƙasa.

"Malam, wannan shiga ake yi, ko sawa ake yi a ƙafa?"

"Ki dai bari ta warke tukuna," in ji shi.

"To, Allah ya ba ta lafiya. Su kuma kajin da ka kora Allah ya ba su haƙuri."

Ya kafa mata rumfar kwano a gefen gida. Ba a jima ba 'yarsu ta ƙarshe ta lura cewa in Baba ya dawo aiki, rumfa yake fara shiga kafin ya yi sallama a gida. Ta tura baki ta ce ashe an yi mata ƙanwa ba a gaya mata ba. Daga ranar sunan motar ya zama Auta.

Shi ba bakanike ba ne, amma direban da motarsa ta sha mutuwa a daji ba ya rasa sanin sifana. Ya kwance Auta gaba ɗaya, ya shimfiɗa tsohon zanen gado, ya jera kowane noti da kowace kusa yadda ya ciro su, kuma kaiton wanda ya tsallaka zanen nan. Yakan wanke su da fetur a cikin roba, yana gogewa da tsohon burushin haƙori. Kafireta biyu gare ta, kuma dole su riƙa shaƙar iska daidai da juna, sai ya sa guntun tiyo a kunne yana saurarensu ɗaya bayan ɗaya kamar likita. Abin da tsatsa ta cinye kuwa yakan kai wa amininsa Mai Walda, wanda shagonsa ke ƙarshen layin. Rufin tamfol Inna Tela ce ta ɗinka, bayan ta karya allurai har ta gaji da mita.

Doka ɗaya Baba Tanka ya kafa, kuma a kanta sun sha cacar baki da Mai Walda: ba za a huda wa Auta sabon rami ba, ko da na allura ne.

"Haba Yaya, rediyo fa kawai za mu ɗaura mata," in ji Mai Walda.

"Wanda ya ƙera ta ya san inda ya huda. Ni wane ne da zan ƙara masa?"

"To ko fitila ɗaya a gaba?"

"Ka je ka ɗaura wa shagonka."

Shekaru aka kwashe ana wannan jinya. Ranar da ta tashi, da safe ne, ta yi tari, ta yi atishawa, ta watsa wa wankin maƙwabta baƙin hayaƙi, sannan ta daidaita murya. Baba Tanka ya tsaya hannunsa a kan murfin inji yana jin yadda take rawa a ƙarƙashin tafinsa. Daɗi ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba tun haihuwar ɗansa na fari. Daga baya ya sa aka yi mata fenti kore shar, kalar ganyen mangwaro bayan ruwan sama.

Tun daga nan ranar hutunsa ta zama ta Auta. Shigarsa motar ma abin kallo ce: ya fara zura ƙafa ɗaya, ya naɗe jiki, ya sauka a hankali har motar ta ce ƙiii, kansa kuma ya fito saman gilashin gaba. Amma da zarar ya zauna, ya sa giya, dariya sai ta koma sha'awa. 'Yan sanda kan tsayar da shi don kawai su zagaya ta su tambayi shekarunta, shi kuwa ya amsa yana ƙasaita. Yakan haura tudun da ke bakin gari, ya sauka kan miƙaƙƙen titin da ke bayansa, a nan ne yake rama duk rarrafen da ya yi a mako. Ba wanda ya taɓa riƙe sitiyarinta sai shi. Inna Tela kuwa ko kujerar gefe ba ta taɓa zama ba, ta ce da girmanta ba za ta zauna a ƙasa a tsakiyar titi ba.

Ana nan, gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo. Kulocin tanka ba wasa ba ne, kuma ya taka shi fiye da yadda wani ya taka ƙasa. Aka yi aiki a asibiti, ya tashi, amma likita bai ɓoye masa ba: zai yi tafiya da sanda, ƙarfin dannawa kuwa ya tafi ke nan. Ya ajiye tanka ba tare da ya yi wata doguwar magana ba. Abin da ke ransa yana rumfa.

Da ya ɗan murmure, ya lallaɓa ya shiga Auta, ya tayar da ita, ya ɗora ƙafa a kuloci. Ƙafar ta je rabi ta hau karkarwa. Ya tura giya a haka, sai ƙarfe ya ci ƙarfe, ƙarrr, har cikin haƙoransa. Da marinsa aka yi a kasuwa da ya fi masa sauƙi. Ya kashe inji, domin ya gane abin da ke gabansa: ko dai Auta ta koma zaman da ya ɗauko ta a ciki, ko kuma wani ne zai tuƙa ta yana kallo.

Masu shawara ba su yi ƙaranci ba. Babban ɗansa ya kawo wani mai sayen tsofaffin motoci, Baba Tanka ya ba shi ruwa ya sha ya raka shi ƙofa. Mai Walda ya ce a cire giyar a sa mai canza kanta.

"Wato a fasa mata ƙirji a sa mata zuciyar wata?" in ji Baba Tanka. "Ashe ba ka ƙaunata."

Sai ya koma tayar da ita kowace safiya a inda take, ya saurara, ya kashe. Abinci ya rage ci, barkwanci ya ƙare, ƙaton mutum ya fara zama ƙarami a cikin rigarsa. Inna Tela tana gani, kuma abin yana ci mata rai.

Wata rana ta raka autarsu ta gaskiya makarantar koyon tuƙi. Ta leƙa motar da ake koyarwa da ita, ta ga malamin yana da nasa abin takawa a gefensa. Ba ta wuce gida ba sai da ta biya shagon Mai Walda. Da yamma suka shigo rumfa tare, Mai Walda yana raɓe-raɓe a bayanta.

"Malam, ƙafa ce ta gaza ko hannu?" ta tambaya.

"Kin sani ai."

"To ni ina da ƙafa. Tun kafin in aure ka nake taka keken ɗinki, kuma ba ta taɓa yi mini gardama ba. A sa mini kuloci a gefena. Kai ka riƙe sitiyari da giya da totur, ni in taka."

Baba Tanka ya juya ya dubi amininsa. Mai Walda ya sosa ƙeya.

"Zai yiwu, Yaya. Sanda ce za ta ratsa ta ƙasa ta haɗa su. Sai dai fa... sai an huda. Rami huɗu."

"Ku fita mini daga rumfa."

Suka fita. Kwanaki ya yi yana fushi, gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa. Abu biyu ke cinsa, ramukan da kuma ƙafar wani a jikin Auta, kuma shi kansa bai san wanne ya fi zafi ba. Inna Tela ba ta sake tayar da maganar ba, ta ci gaba da ɗinkinta. Wata safiya ya ɗaga tamfol ya tarar gizo-gizo ya yi saƙa daga sitiyari zuwa sandar giya. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗauki sandarsa ya ɗingisa har ƙarshen layi.

"Kawo injin hudar," ya ce wa Mai Walda. "Amma ni zan huda, ba kai ba."

Ya ɗaga shimfiɗar ƙasan motar, ya auna, ya sake aunawa, ya sa alama da alli. Ya yi bismilla ya danna. A rami na farko idonsa ya kawo ruwa, bai kuma ce ƙura ce ta shiga ba. Da ya gama huɗun, ya goge bakin kowanne, ya shafa masa fenti da ɗan yatsa don kada tsatsa ta samu ƙofa. Mai Walda ya yi aikinsa tsaf, ko kalma ɗaya ta tsokana bai yi ba ranar.

A filin ƙwallon unguwa suka fara koyo. Inna Tela ta shiga tana salati, ta cire takalmi kamar yadda take yi in za ta hau keke.

"Taka! Saki! A hankali mana! Na ce a hankali!" in ji Baba Tanka.

Auta ta yi tsalle ta mutu. Ta sake tsalle ta sake mutuwa.

"Malam, kada ka ƙara yi mini tsawa. Ni ba karen motarka ba ce."

"To ai kin saki kamar kin taka wuta!"

"Kai ne kake rikita ni da baki. Yi shiru in ji ta. In keke ya haɗu da yadi mai kauri, shi yake gaya mini, ba wani ba."

Ya yi shiru, ba don ya yarda ba, sai don ba shi da wata ƙafar. Sannu a hankali tsallen ya ragu. Suka fara zagaya filin lafiya, daga nan suka fara zagaya unguwa.

Saura tudun bakin gari, wanda ba a isa miƙaƙƙen titi sai an haura shi, ga kuma danja a tsakiyarsa. Ranar da suka nufe shi, suna isowa danjar ta nuna ja. Baba Tanka ya ja birkin hannu, motoci suka yi layi a bayansu. Da aka ba su hannu, ya saki birki da wuri, Auta ta yi baya kaɗan, ta girgiza, ta mutu. Aka hau danna musu hon. Wani direban tasi ya leƙo da kai.

"Baba, a turo ne?"

Zufa ta karyo masa. A kan wannan tudun, inda a da yake wucewa ana nuna shi da yatsa, yau ana yi masa tayin turi. Kunya ta rufe shi. Ya ce a hankali, "Maman yara, mu juya gida."

"Ba inda za mu juya. Tayar da ita."

Ya murɗa makulli.

"Sa giya. Yauwa. Ba ni wuta kaɗan. Kada ka saki birkin nan sai na ce."

Ya taɓa totur. Ta fara ɗago ƙafa a hankali, kanta a karkace tana saurare, har muryar injin ta yi nauyi, hancin Auta ya ɗan ɗaga.

"Yanzu."

Ya saki. Auta ta haura sumul kamar ba ita ta mutu ɗazu ba. Kafin ya buɗe baki ya nemi giya ta biyu, ya ji kuloci ya riga ya sauka, sai ya saka. Ta uku ma haka. Suka bar mai tasi a ƙasa, suka kai ƙarshen tudu, titi ya miƙe a gabansu ba kowa. Baba Tanka ya ji ƙirjinsa ya cika fal da alfahari, da motarsa, da ramukansa huɗu, da matar nan da ke gefensa ba takalmi, hannunta ɗaya dafe da ɗankwali kada iska ta kwashe.

"Malam!" ta ɗaga murya saboda iska. "Akwai sauran giya?"

"Saura ɗaya!"

"To me kake jira?"

Ta taka, ya saka.