Ranar da Na Sa Tsohon Direba Taka Mota

Wasu shekaru can baya, ina koyarwa a wata lakol a Agiye, ƙanwata ta kira ni bayan la'asar ta ce jikin mahaifiyarmu ya yi zafi, in zo. Ban ko canza riga ba na nufi tasha. Ana kiran magariba na sauka Maradi, na faɗa motar Gidan Rumji, na samu kujerar gaba kusa da direba, wani dattijo mai furfura da ba ya son magana.

Har Tibiri tafiya lafiya lau. Muna wucewa duhu ya rufe, sai bawan Allah ya sassauta ƙafa, mota ta koma rarrafe. Ni kuwa wanda ya san ni ya san ba ni da haƙuri, ga baki kamar na ɗan kamasho.

Na ce, "Baba, lafiya? Mai ne ya ƙare?"

Ya ce, "Malam, yau kasuwa ta ci. Masu amalanke na kan hanyar gida, ba su da fitila. Da yawansu ma kwance suke a kai suna barci, shanun sun san gida. Ga hasken manyan motoci na kashe ido, sai ka zo dab da abu kake ganinsa."

Wallahi na san gaskiya ya faɗa, don a amalanke na girma. Amma sai na juya ina gaya wa fasinjoji cewa wasu idan ido ya mutu ba sa yarda, gara su miƙa makulli su koma gida jiran jikoki. Aka kwashe da dariya, ni kuma daɗi ya kama ni, na ƙara. Daga ƙarshe na ce, "In uwata ta cika ban gan ta ba, kai da Allah."

Wannan ce ta same shi. Ya dube ni sau ɗaya, ya taka mota.

Ba mu yi nisa ba wata tirela ta dalle mu da fitila. Tana wucewa sai ga amalanke a gabanmu. Ya take birki, ya karkata, amma ina! Muka bugi san da ke janta. Mai amalanken ya faɗo gefen kwalta da buhunan wakensa, Allah ya sa kurjewa kawai ya yi. San kuwa dole aka sa masa wuƙa a wurin, mutumin na tsaye yana hawaye, ga damina ta kusa.

Da jandarma suka zo suka tambayi dalilin gudun, na sunkuyar da kai ina duban takalmina. Dattijon ya ce ganganci ne nasa. Bai nuna ni ba. Shi ne ma ya tare mini ɗan kabu-kabu ya ce, "Kai shi Gidan Rumji, mahaifiyarsa ba lafiya." Na haye ko sannu ban ce masa ba.

Ashe zazzaɓi ne kawai ke damun mahaifiyata. Na tarar an yi mata allura, tana zaune tana shan kunu.

Bayan wata uku na gan shi a tashar Maradi yana kiran fasinja, mai motar ya karɓe makullinsa. Na so in lallaɓa ta bayan wata mota, sai ya hango ni. Ya taho da fara'arsa ya miƙo hannu.

Yau ina da 'yar motata, kuma da magariba ta yi nake rage gudu, na baya su yi ta danna oda in sun ga dama. Har gobe ina jin kunyar mutumin nan. Da zagina ya yi a tashar da na samu sauƙi, amma abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, ya jikin Inna? Ka dai same ta da rai ko?"