A Bar Masa Ɗan Tauri

Matar da ke jiran layi a ƙofar likita ba ta san shi ba, amma idonta ya ƙi barinsa. Dattijo ne siriri a keken guragu, gemu a gyare tsaf, hannu dafe da wani ɗan tudu a gefen ciki. Ta san abin da ke wurin, don mijinta ma yana da shi: 'yar na'ura ce a ƙarƙashin fata, tana ɗiga magani cikin ruwan ƙashin baya don ƙafafun da suka sandare su saki.

Babban yatsansa ya yi kanta irin ta almakashi. Mai aski ne, in ji zuciyarta.

An tura shi ciki, ƙofa ba ta rufu ba, tana jin komai.

"Likita, a rage mini maganin nan."

"Baba, ba kai ka ce yanzu kana samun barci ba? Ciwon zai dawo fa."

"Barci kam har da munshari. Amma ƙafafun sun zama igiya. Da taurin nan nake tsayawa, in jingina da kujera in yi wa mutum aski. Bar mini kaɗan, daidai wanda zan tsaya a kai."

Likita ya daɗe yana kallonsa, sannan ya jawo abin saita na'urar. Da ya sunkuya, dattijon ya ƙura wa ƙeyarsa ido.

"Ranar da na miƙe, ɗana, da kai zan fara. Wanda ya yi maka askin nan bai kyauta ba."